Ƙananan kalmomin Turanci da ke yanke hukunci a takardun mutanen zango

Yaron da ya tashi a Aboabo ko Asawase, unguwannin zango a birnin Kumasi na ƙasar Ghana, ba baƙon harsuna ba ne. Hausa yake yi a gida, Tonanci (wato Twi, harshen Ashanti) a kasuwar Kejetia, Larabci a gaban malam da yamma, buroka a bakin titi, Turancin littafi kuma a aji. Amma a miƙa masa takardar jarrabawa a ce ya cike gurbi da "in" ko "on" ko "at", sai ka ga ya tsaya yana cizon biro. Dogayen kalmomi ba su cika kayar da shi ba, don su ana haddace su da ma'anarsu a wuce gaba. Masu harafi biyu da uku ɗin nan su ne ƙadangaren bakin tulu. Turawa suna ce musu "prepositions". Wanda ya zauna gaban malamin nahawu zai gane su da sunan harufan jarri, irin su min da ila da fi da ala. Idan ɗaya daga cikinsu ya haɗu da suna, kamar "in advance" ko "on credit" ko "by Friday", an sami ɗan yankin magana da ke faɗin wuri, ko lokaci, ko dalili, ko sharaɗi.

Abin da nake ganin an yi sakaci da shi shi ne, a aji duk kuskuren waɗannan kalmomi hukuncinsa ɗaya: jan biro, a rage maki. Alhali kashi biyu ne. Akwai wanda iyakar ɓarnarsa mai gyaran jarrabawa ya ɓata rai, kowa kuma ya gane abin da ake nufi. Akwai kuma wanda ke matsar da ranar biyan bashi, ko ya mayar da mai gida ɗan riƙo, ko ya sa mara lafiya ya sha magani ba yadda likita ya ce ba. A kan na farkon ake ta bulala. Na biyun, wanda shi ne ke cin kuɗin mutane a zango, da wuya ka ji an zauna an warware shi da Hausa.

Tushen wahalar a ginin harshenmu yake, kuma wannan ba aibi ba ne. Hausa tana da "a" guda ɗaya mai ɗaukar kaya da yawa: na gan shi a Kejetia, an haife ni a Kumasi, motar ta lalace a hanyar Tamale, na ji a rediyo, na karanta a jarida. Turanci sai ya raba wannan "a" ɗin gida uku: "at Kejetia", "in Kumasi", "on the Tamale road", "on the radio", "in the newspaper". Wani lokaci ma ba ma bukatar komai: yana kasuwa, ta tafi Tafo. Idan kuma Bahaushe yana son ƙayyade wuri, jikinsa yake komawa ya aro suna. Ciki ya ba mu cikin ɗaki, kai ya ba mu kan tebur, baya ya ba mu bayan gida, baki ya ba mu bakin kasuwa, gindi ya ba mu gindin bishiya. Tonanci ma haka yake yi, sai dai shi bayan suna yake ajiye kalmar: "dan no mu" cikin ɗakin, "pono no so" kan teburin, "fie no akyi" bayan gidan, kuma "akyi" ɗin nan bayan mutum ne kamar namu. Buroka kuwa ta hutar da kanta da "for" guda: "e dey for house", "e dey for Adum".

Wato harsuna ukun da yaron ke kwana da su yake tashi da su duk sun koya masa cewa kalma ɗaya ta isa nuna wuri, sauran bayani kuma abu ne da ido ke gani. Ga shi Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnatin Ghana ta amince a koyar da su a makarantu. Akwai Tonanci, akwai Fanti da Ga da Ewe da Dagbanci da Gonja, babu Hausa. Saboda haka malamin da zai tsaya ya ce wa ɗan zango "ga yadda 'a' ɗinku ta rarrabu a Turanci" ba a horar da shi don haka ba. In ya yi ƙoƙari, da Tonanci zai yi bayanin.

Turancin yana da wani tsari, ba a ce babu ba. "At" tana kallon wuri kamar ɗigo a taswira, ba ruwanta da faɗinsa. "On" tana kallon shimfiɗa ko layi. "In" tana kallon abin da ke da iyaka ya kewaye ka. Shi ya sa wuri ɗaya kan ɗauki biyu gwargwadon abin da mai magana ke nufi. "Meet me at the mosque" masallacin alama ce ta haɗuwa, ko a ƙofa ka tsaya ka cika alkawari. "He is in the mosque" kuwa mutumin ya cire takalmi ya shiga. An ɗauki wannan tsari an ɗora wa lokaci: sa'a ɗigo ce, "at four o'clock", rana shimfiɗa ce, "on Friday", wata da shekara masu kewayewa ne, "in March", "in 1957". Idan aka ambaci ranar wata, rana ce ke rinjaye: Ghana ta sami 'yanci "on 6th March 1957". Haka nan "in the morning" take komawa "on Friday morning" da zarar sunan rana ya shigo.

Iyakar inda hankali ke kai ka ke nan. Daga nan sai al'ada. Ana cewa "in the morning", "in the afternoon", "in the evening", sannan ba gaira ba dalili "at night". Ana cewa "on the bus", "on the plane", amma "in a car", "in a taxi". Masu bayani kan ce abin hawan da za ka iya miƙewa ka taka a cikinsa shi ke ɗaukar "on". To, trotro, ƙaramar motar haya, fa? Sunansa bas, amma duk wanda ya taɓa hawa daga Kejetia zuwa Aboabo ya san ko gwiwa ba a miƙewa a ciki, balle mutum. Shi ya sa za ka ji biyun a bakin masu ilimi, kuma ni ban ga wanda ya isa ya ce ɗaya kuskure ne ba, tunda Ingila ba ta da trotro. Tafiya kuma "by car", "by bus", "by air", sai ƙafa ta ƙi bin sahu, "on foot". Biya "in cash", "by cheque", "on credit". Waya da duk abin da ke cikinta "on" suka ɗauka: "on the phone", "on WhatsApp", "on Facebook".

Dalilin wannan rashin tsari tarihi ne. Turancin shekara dubu da suka wuce yana canja ƙarshen suna don nuna aikinsa a jimla, kusan yadda i'irabi ke yi a Larabci. Waɗannan ƙarshen sun zube a hankali, musamman a ƙarnonin da suka biyo bayan 1066, lokacin da Normandawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi. Nauyin sai ya koma kan jerin kalmomi da waɗannan ƙananan harufa. Faransanci kuma ya zauna a fada da kotu shekaru ɗaruruwa, ya bar gado irin su "lieu" da "arrears" da "bail", waɗanda yanzu muke cin karo da su a takardun haya da na 'yan sanda a Kumasi. Babu kwamitin da ya zauna ya tsara abin. Abin da baki ya saba da shi ne ya daskare, aka rubuta shi a ƙamus.

Akwai wani ɓangaren da ba a cika lura da shi ba, kuma a ganina ya fi na wuri muhimmanci. Aikin da Turanci ke ba waɗannan harufa, Hausa a jikin aikatau take yin sa. Saya, sayo, sayar: kalma ɗaya ce, ƙarshenta ke gaya maka inda kayan suka nufa. Na ari littafi a wurinsa, na ara masa littafi. Na ranci kuɗi, na ranta masa. Na koyi ɗinki, na koya mata. Turanci yana bukatar kalmomi biyu da harufa biyu, "borrow from" da "lend to", shi ya sa "borrow me your pen" ta zama ruwan dare a azuzuwan Afirka ta Yamma. Yaron "ara mini" yake faɗi, kuma a harshensa daidai ya faɗa. Haka "jefa masa" da "jefe shi". Wanda ka jefa wa lemo kyauta ka yi masa, wanda ka jefa da lemo faɗa ka nema. Turanci bai taɓa aikatau ba, harafin ya canja: "throw to him", "throw at him". "Shout to" kiran na nesa ne, "shout at" tsawa ce. "Laugh with" ana dariya tare, "laugh at" kai ake yi wa. Da za a nuna wa yaro cewa bambancin da yake yi kullum ba tare da tunani ba shi ne Bature ke yi da "to" da "at", rabin aikin ya ƙare.

Ɗan makarantar allo da ya kai ga littattafai ma ya riga ya san wannan ta wata ƙofar. Ya san "da'a lahu" addu'ar alheri ce, "da'a alaihi" kuwa mugun baki. Ya san "ragiba fihi" kwaɗayin abu ne, "ragiba anhu" juya masa baya. Aikatau ɗaya, harafi ya juya ma'ana gaba ɗaya, kuma babu ɗalibin da ke tambayar malam hujjar da ta sa Larabawa suka zaɓi "an" a nan. Ji aka yi daga bakinsu, a haddace. Haka "good at", "afraid of", "depend on", "married to", "interested in" suke. Ba a fassara su gunduwa-gunduwa. Wanda ya ce "married with" ko "afraid for the dog" Hausar da ke kansa ya bi, ko kuwa ya ƙirƙiri doka inda babu.

Yanzu ga inda kuɗi ke zuba. Makanike a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, zai gaya maka ba injin ke raba mota da tayarta a kan hanya ba, noti ne da ba a ɗaure ba. A takardar yarjejeniya waɗannan harufa su ne notin.

A fara da lokaci. Sau da yawa dattijo zai miƙa wa ɗansa takarda daga banki ko makaranta, yaron ya duba ya ce, "Baba, sun ce ran Juma'a za ka biya." Sai a koma a duba me aka rubuta. In "on Friday" ne, ranar ce. In "by Friday" ne, Juma'a ita ce ranar ƙarshe, ko Talata ka biya ka fita. In "before Friday" ne, Alhamis ce ta ƙarshe, wanda ya zo ran Juma'a ya makara. In "until Friday" ne, wani abu ne ke ci gaba har zuwa ranar, kamar rajista ko rangwame. In "from Friday" ne, ranar ake farawa. Ranaku daban-daban, sunan rana ɗaya. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne mu a nan mun ba "by" wata ma'ana ta gida. In aboki ya ce zai zo "by four", wajen ƙarfe huɗu yake nufi, in ya zo da rabi ma bai ga laifinsa ba. Ofishin jakadanci da hukumar jarrabawa ba su san wannan ma'anar ba. A wurinsu "by four" na nufin huɗu na bugawa an rufe ƙofa.

Tarkon da ya fi kama Bahaushe shi ne "in" da "within", domin tun aji ɗaya an gaya masa "in" ita ce "cikin". "Come back in two weeks" ba cikin mako biyu ba ne, bayan mako biyu ne. Likitan da ya faɗi haka ba ya son ganinka jibi. "Within two weeks" ita ce cikin mako biyu, kowace rana kafin wa'adin ya cika. "For two weeks" kuma tsawon mako biyu. Kundin tsarin mulkin Ghana na 1992 ya rataya manyan haƙƙoƙi a kan "within". Sashe na 14 ya ce wanda aka kama ba a sake shi ba, a kai shi gaban kotu "within forty-eight hours", cikin awa 48, kuma a 2019 Kotun Ƙoli ta yanke cewa lissafin ya haɗa da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Iyalin da suka fahimci wannan ba za a sallame su da "sai Litinin" su koma gida shiru ba. Sashe na 64 ya ba mai ƙalubalantar zaɓen shugaban ƙasa kwana 21 bayan bayyana sakamako, "within twenty-one days". A zaɓen 2012 an bayyana sakamako ran 9 ga Disamba, Nana Akufo-Addo, ɗan takarar da ya faɗi, da abokan ƙararsa suka shigar da takardunsu ran 28 ga watan. Da sun karanta "within" kamar yadda muke karanta "by four", da ba a yi shari'ar ba.

A farashi kuma "by" da "to" ne ke faɗa. In dillali ya rubuto cewa buhu "has gone up by 50 cedis", sidi 50 aka ƙara a kan tsohon kuɗi. In ya ce "has gone up to 500 cedis", kuɗin ya koma sidi 500 ke nan. Hausa tana da wannan bambancin sarai, an ƙara kaza, ya koma kaza, sai dai a Turanci harafi biyu kacal ke ɗauke da shi, ido kuma lamba yake fara gani. "On credit" bashi ka ɗauka. "In credit" a takardar banki kuwa albishir ne, kana da saura. "For sale" na sayarwa ne, "not for sale" an hana sayarwa, kuma wanda ya taɓa ganin "This land is not for sale" da jan fenti a jikin katanga a bayan gari ya san ba ado aka yi ba.

Haya ita ce ciwon kowa. "In advance" biya kafin a zauna, "in arrears" biya bayan an zauna, ko kuma bashin da ya taru: "three months in arrears" wata 3 ake bin ka. Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin wata 6 gaba, amma kowa a Kumasi ya san shekara ɗaya ko biyu ake nema, kuma ana biya, don mai neman ɗaki ba ya jayayya da mai ɗaki. Wannan matsalar doka ce da ƙarancin gidaje, Turanci ba zai warware ta ba. Abin da Turanci zai iya shi ne ya hana a ƙara maka wata cutar a kan wannan, misali ka sa hannu a kan cewa kuɗin haya "subject to review" yake ba ka san ka yarda a sake duba shi ba. "Subject to" duk inda ta fito sharaɗi ne: abin da aka ba ka da dama, ana iya taɓa shi da hagu. A wurin aiki kuma "in lieu of" ce, ma'anarta a madadin. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ce kwantiragin shekara 3 ko fiye ana raba shi da sanarwar wata 1, ko albashin wata 1 "in lieu of notice". Wanda bai kai shekara 3 ba, mako 2. Mai gadi ko direban da aka ce masa "daga yau ka huta" yana da abin tambaya, in ya san kalmar.

Takardun fili da gida su suka fi ban tsoro, don su ake gada. Mafi yawan filayen Kumasi na kujerun sarauta ne, abin da mutum ke samu haya ce ta dogon zango, galibi shekara 99 ga ɗan ƙasa mai gina gidan zama, baƙo kuma tsarin mulki bai yarda ya wuce 50 a lokaci guda ba. A irin wannan takarda "for a term of 99 years from" wace rana, ita ce tambaya, domin wanda ya sayi gida daga hannun wani ragowar shekarun ya saya. Sannan ga "in trust for" da "on behalf of". In an rubuta sunan babban wa, aka bi shi da "in trust for" sauran 'ya'yan marigayi, riƙon amana aka ba shi, gidan ba nasa ba ne shi kaɗai. In babu waɗannan kalmomi uku, a idon takarda shi ne mai gida, ko da duk unguwa ta san gado ne. Wanda ya sa hannu "for and on behalf of" ƙungiya ko masallaci, da sunansu ya sa, ba da nasa ba. Gidaje nawa ne a zangunanmu 'yan uwa suka daina gaisawa a kansu, alhali a ranar rubutu kowa yana wurin, an yi fatiha, ba wanda ya nemi a karanta masa layin da Hausa?

Na kotu da asibiti gajeru ne amma a riƙe su. "Charged with" tuhuma ce, "convicted of" an tabbatar da laifi, "sentenced to" hukuncin da aka yanke. Tsakanin na farko da na biyu akwai mutuncin mutum, kuma masu yaɗa labari a WhatsApp sukan haɗe su. "On bail" yana waje, "on remand" yana tsare ana jiran shari'a. A jikin kwalin magani, "for five days" kwana 5 ana sha, "on an empty stomach" kafin a ci komai, "with food" tare da abinci, "for external use" shafawa ake yi, ba a sha.

Har "the" ma takan shiga tsakani ta juya zance. "She is in charge of the children" ita ke kula da yaran. "She is in the charge of her aunt" ita ake kula da ita. "In prison" ɗaurarre ne, "at the prison" mai yiwuwa ziyara ya je. "On the way" yana hanya, "in the way" ya tare hanya. "On time" daidai lokacin da aka sa, "in time" kafin abu ya kuɓuce: motar Accra tana iya tashi daga tashar Asafo ba "on time" ba, kai kuma da ka makara ka same ta "in time".

To, sai kashin da ake ta bulala a kansa: "discuss about", "request for", "emphasise on", "comprise of". Waɗannan a Turancin littafi aikatau ne da ba sa ɗaukar harafi. Amma ba daga jahilci suka fito ba. Sunayensu suna ɗauka: "a discussion about", "a request for", "emphasis on". Mai magana ya ɗauki harafin suna ya ba aikatau, Hausarsa kuma tana mara masa baya, tunda mu ma tattaunawa muke yi a kan abu. Za ka ji su a rediyo, a wa'azi, a bakin masu digiri, daga Accra har Legas. Babu wanda ya taɓa asarar sisi saboda "discuss about". Hukumar WAEC dai, wadda aka kafa a 1952 kuma hedikwatarta ke Accra, ba ta karɓarsu, kuma ɗalibin da bai sami aƙalla C6 a Turanci ba a WASSCE, jarrabawar gama sakandare, ƙofar jami'ar KNUST ko ta Legon ba ta buɗe masa kai tsaye. Don haka a koya wa yara su guje musu a rubutu, a kuma gaya musu gaskiyar dalili: dokar jarrabawa ce da ta ofis. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da su ma'aunin hankalin mutum, har saurayin da ya yi sakandare ya riƙa yi wa kawunsa dariya a taron iyali, shi kuwa in aka ba shi takardar fili bai san bambancin "in trust for" da "in favour of" ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Su masu harshen ma ba su daidaita ba. Ɗan Ingila yana cewa "at the weekend", ɗan Amurka "on the weekend". Na farko "in hospital", na biyu "in the hospital". Wannan "Monday to Friday", wancan "Monday through Friday". Makarantun Ghana tsarin Ingila suka gada, yaranmu kuma na Amurka suke sha a waya dare da rana, ga 'yan uwa a Bronx da ke kira kowane mako. Sai yaro ya rubuta abin da yake daidai a New York, a ja masa biro a Asawase. Malamin kirki zai ce masa wannan na can ne, a jarrabawa ga wanda ake so.

Hanyar koyo kuwa ba sabuwa ba ce a wurinmu. Jadawalin da ake rubutawa a allo, "in" daidai da cikin, "on" daidai da kan, shi ne ke haifar da rabin kurakuran, don yana koya wa yaro fassara ɗaiɗai. Abin da ke aiki shi ne a riƙe harafin tare da abokin tafiyarsa kamar kalma ɗaya, a cikin jimlar da aka ji ko aka karanta: ba "charge" kaɗai ba, "charged with theft", ba "deal" kaɗai ba, "dealers in spare parts" kamar yadda allunan shaguna ke faɗi a Adum, da "deal with a customer". Ƙamus mai kyau yana nuna harafin da ke bin kowace kalma, amma yawancin ɗalibai ma'ana suke dubawa su rufe. Takardun gida ma littafi ne: rasit, katin asibiti, takardar haya, saƙon banki a waya.

Tun 1987 akwai sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta Ghana, kuma a makarantunsa malamin Larabci da malamin Turanci ɗaki ɗaya suke zama, aji ɗaya suke shiga. Ɗaya yana koyar da harufan jarri da safe, ɗayan yana koyar da "prepositions" da hantsi, yaran kuma Hausa suke yi da juna a tsakanin darasin biyu. Darasi ɗaya a mako da za a jera "jefa masa" da "jefe shi", "da'a lahu" da "da'a alaihi", "throw to" da "throw at" a allo guda, sannan a kawo kwafin takardar haya a karanta ta layi-layi, ba ya bukatar sabon gini ko izini daga Accra. Shugaban makaranta da malaman biyu sun isa su tsara shi.